Jan garin cire fosfat ya kusa kashe mini murjani, masu ruwan gishiri ku matso

Baban Nana: Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Na san yawancinku tarwaɗa da karfasa kuke kiwo amma dai ba a rasa nono a ruga, in akwai mai akwatin ruwan gishiri a gidan nan don Allah ya matso. Akwatina na gilashi lita 300 ne, wata 8 ke nan da na kafa shi a falo nan unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, kifi 6 ne a ciki da murjani mai rai, halittar tekun nan mai kama da dutse ko tsiro, guda 9. Tun bayan salla gansakuka ta taso mini, irin koriyar nan mai gashi-gashi, in na tsige yau kwana uku ta dawo kamar ana yi mata ban ruwa. Na auna fosfat, sinadarin da ke ciyar da gansakuka, na ga ya hau sosai, sai na sa aka zo mini da jan garin tsatsar ƙarfen nan na cire fosfat da ake ce ma GFO ta Kano, gwangwanin gram 500. Ran Talata da dare na juye rabi cikin kwalbar tacewa na kunna famfo na je na kwanta, da asuba na fito na tarar ruwan ya yi ja-ja kamar gulbi da damina. Ya dai washe daga baya. Yau Juma'a na auna na'ura ta ce 0, har na yi hamdala, sai na duba da kyau na ga murjani uku masu rassa bakinsu ya yi fari fat, babban mai laushin nan kuma ya tsuke ya ƙi buɗewa tun jiya. Mi na yi ba daidai ba?

Ɗan Jiratawa: Wa alaikumussalam Alhaji. Ni hwa da ka ce murjani na ɗauka na wuyan amarya ne, ashe wai shina da rai har shina rishin lahiya 😂 Mu nan taki muke zubawa a kududduhi don ruwa shi yi kore karfasa ta samu abin ci, kai kuma ka sa kuɗinka ka sayo maganin kashe koren. Duniya makaranta.

Habu Sola: Ɗan Jiratawa bari mutum ya samu amsa tukuna kafin ka fara. Bari in taɓo Injiniya, shi ya yi wannan harka shekaru a Jidda.

Injiniya: Wa alaikumussalam Alhaji, sannu da wannan tashin hankali. Kafin komai ka je yanzu-yanzu ka kashe famfon kwalbar nan, ka bar sauran famfunan suna aiki. Sannan ka ba ni amsar abu huɗu. Ka wanke garin kafin ka sa? Nawa fosfat ɗin yake kafin ka sa? Zafin ruwan nawa ne a kwanakin nan? Kuma da wane ruwa kake haɗa gishirin?

Baban Nana: Na kashe ranka ya daɗe. Wanki kam ban yi ba, na ɗauka magani ne kar in wanke ƙarfinsa ya tafi. Kafin in sa na'ura ta nuna 150. Zafi 27 ne, kilim na aiki dare da rana a falon saboda su, uwargida har tana cewa kifi sun fi ta gata. Ruwa kuma na leda nake saye in haɗa.

Injiniya: To zafi dai ba shi ne ba, 27 ba laifi, da ka ce mini 30 ko 31 da na ce zafin watan Afrilu ne ya toya su don murjani daga 30 ya fara zubar da launi. Amma 150 ɗin nan fa? Wace na'ura ce?

Baban Nana: Ƴar ƙaramar nan ta Hanna mai kamar ƙwai, an rubuta HI736 a jiki.

Ramatu Shimi: Baba ina wuni. Wannan ba fosfat take ba ka kai tsaye ba, fosforus ɗin da ke cikinsa take aunawa a ppb, wato kashi cikin biliyan. Sai ka ninka da 3.066 ka raba da 1000, wato 150 ɗinka ya zama kusan 0.46 ppm na fosfat, wato kashi cikin miliyan. Ya yi yawa kam, amma ba irin yawan da za a ce gobara ce ba.

Injiniya: Madalla ƴata. To Alhaji ga abin da ya faru, kuma kar ka ji haushi in na faɗa maka gaskiya don ni ma na taɓa yin irinta a shekarata ta farko, na kashe murjanin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kuskure uku ka haɗa a dare ɗaya. Na farko rashin wanki, garin nan yana zuwa da ƙura mai yawa, ana zuba masa ruwa mai tsabta ne har sai ruwan da ke fita ya daina ja, ni a bokiti nake sakin lita 4 ko 5 na farko in zubar. Ƙarfinsa ba ya tafiya da wanki, ba sukari ba ne da zai narke. Jan da ka gani da asuba ƙurar ce, ta sauka kan murjani ta dame su. Na biyu yawa. Abin da aka saba shi ne wajen gram 1 ga lita 4 na ruwa, ka ga naka bai wuce gram 75 ba, kuma ko shi ba a farawa da shi duka, da rabi ko kwata ake farawa. Kai ka zuba 250. Na uku kuma shi ne babba, ka sauko da su daga 0.46 zuwa sifili cikin kwana biyu da rabi. Murjani ya fi jure ruwa mai datti da ya saba da shi a kan ruwa mai tsabta da ya zo masa farat ɗaya. Kamar ka ɗauki mutumin da ya saba cin tuwo sau uku ne ka ce daga yau azumi ba sahur ba buɗa baki.

Baban Nana: Innalillahi. Ni fa na ɗauka sifilin nan shi ne ake nema, duk inda na duba cewa ake fosfat shi ne abokin gaba.

Ramatu Shimi: A'a Baba. Cikin naman murjani akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ne ke karɓar haske su yi masa abinci kuma su ne ke ba shi yawancin launinsa. Tsiro kuwa ko na gona ne ko na teku sai da fosfat, shi ne P ɗin nan na tsakiya a buhun NPK 15-15-15, shi ne kuma ake haƙowa a duwatsun Tawa. In ya yi yawa gansakuka ta samu taki kuma ƙashin murjanin ya rage saurin ginuwa, in babu shi sam kuma yunwa ce. Shi ya sa masu abin suke riƙe shi tsakanin 0.03 da 0.1, a na'urarka ke nan daga 10 zuwa wajen 30.

Ɗan Jiratawa: Kai jama'a, yarinyar ga ta ci kuɗin lakkol ɗinta. Allah shi ba da sa'a a jami'a.

Ramatu Shimi: Amin Kawu 🙏

Baban Nana: To yanzu mi zan yi? In canza ruwa duka?

Injiniya: Kar ka kuskura. Hannunka ya isa haka, abin da suke bukata yanzu a bar su su huta. Ka cire garin daga kwalba ka zubar da wanda ya jiƙe ko ka ajiye shi cikin ruwa a roba mai murfi, ka ci gaba da ba kifi abinci yadda ka saba, ka ɗan rage hasken fitila na mako guda. Ka sa auduga ta tacewa sabuwa ta kama sauran ƙurar. Za ka ga cikin kwana uku zuwa huɗu fosfat ya dawo da kansa, wataƙila ya kai 0.2 ko fiye, kar ka firgita. Kuma ka auna KH, wato yawan kabonat ɗin da ke cikin ruwan, jan garin nan in ya yi yawa yana jan shi ƙasa kaɗan, ana so ya zauna tsakanin 7 da 9.

Habu Sola: Injiniya ya za a yi ya dawo da kansa bayan an cire shi? Daga ina?

Injiniya: Daga duwatsun da yashin. Ai rumbu ne. Wata 8 suna shan fosfat suna ɓoyewa a jikinsu, da zarar na cikin ruwa ya ragu sai su buɗe rumbu su sako. Shi ya sa aikin nan ba na kwana uku ba ne, wata biyu wata uku ake yi ana ja a hankali har rumbun ya ƙare. Wanda bai san haka ba sai ya ce garin jabu ne, ya ƙara zubawa.

Ɗan Bagalam: Ni dai da za ku ji tawa, duk wannan wahala ce ta banza. Wanki, kwalba, famfo, jira wata uku, haba. Akwai ruwan magani na lantanom, ɗigo kaɗan za ka yi fosfat ya dunƙule ya faɗi nan take, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba, kwalba guda sai ta yi maka shekara. Ni shi nake sawa a nawa lita 200 kuma lafiya lau. Jan garin nan tsohon yayi ne.

Injiniya: Ɗan Bagalam, mutumin da sauri ya jefa shi rami kake ba shawarar ya ƙara gudu?

Ɗan Bagalam: Yallaɓai ba gudu ba ne, lissafi ne. In ka san adadin da kake ɗigawa ka san adadin da zai sauka. Garin kuwa ba ka san ranar da ya ƙoshi ba sai dai ka ga gansakuka ta dawo.

Injiniya: Nan kam kana da gaskiya rabi. Lantanom yana aiki, manyan wuraren baje kifi ma suna amfani da shi don a ruwa mai yawa garin tsada gare shi. Amma faɗa wa mutane sauran. In ya haɗu da fosfat farin ƙura yake zama mai laushi ƙwarai, in ba ka kama ta da jakar tacewa mai ƙananan ido ba, irin mai mikron 5 ko 10, to cikin ruwa za ta yi yawo ta shiga matsatsin numfashin kifi, kuma kifin nan masu faɗi da ake ce ma tang su ne suka fi jin jiki. Alhaji kana da su?

Baban Nana: Akwai ɗaya rawaya, shi ne ma Nana ta fi so, ta sa masa suna Ɗan Gwamna.

Injiniya: To ka ji. Sannan batun ba ka san ranar da gari ya ƙoshi ba, wannan ba haka ba ne. Ka tari ruwan da ke fitowa daga bakin tiyon kwalba ka auna, ka auna na cikin akwati. In na tiyo ya fi ƙasa yana aiki, in sun zo ɗaya ya ƙoshi a canza. Shi ke nan.

Ɗan Bagalam: Kowane awo fakitin hodar na'ura guda ne fa, kuma hodar nan ba a Maraɗi ake samunta ba. Awo biyu duk mako, lissafa ka gani.

Injiniya: Wannan kuma gaskiya ne, ban musa ba. Ni sau ɗaya nake yi a mako, na tiyo kuma sai in na ga na akwati ya fara hawa.

Ɗan Jiratawa: Ku tsaya in tambaya tsakani da Allah ba wasa ba. Kun ce garin ga tsatsa ce ko? To mi zai hana Alhaji shi tahi bakin kasuwa wajen ƴan gwangwan shi samo tsohin ƙusoshi masu tsatsa shi daka, ko shi ɗebo jar marmara irin wadda ake zuba ma hanya? Kyauta ma za a ba shi. Ku kuna ta aike Kano.

Habu Sola: 😂😂 an zo wajen

Ramatu Shimi: Kawu wallahi tambayarka ba ta dariya ba ce, tunaninka ya bi hanya. Jar ƙasa tana kama fosfat da gaske, shi ya sa a wasu gonaki masu jar ƙasa manomi zai zuba taki amma amfanin bai samu duka ba, ƙarfen da ke cikin ƙasar ya riƙe shi ya hana saiwa. Aikin ɗaya ne da na garin. Bambancin shi ne na gwangwani an yi shi ne da tsabta, kuma kowace ƙwaya cike take da ƙananan ramuka kamar soso, to fosfat a fatar ƙwayar yake mannewa, yawan ramuka yawan wurin mannewa. Asalinsa ma ba don kifi aka yi shi ba, a matatun ruwan sha ake sa irinsa don cire gubar arsenik. Marmara kuwa ba ka san mi ke ciki ba, ga laka ga alminiyom. Ƙusa ta fi muni, da yawa an shafe su da zinc, kuma in aka yi rashin sa'a akwai ɗan jan ƙarfe irin na waya a cikin tarkacen to an gama, tagulla ko kaɗan ce tana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, kuma ta shige cikin dutse ta ƙi fita.

Ɗan Jiratawa: To na janye ƙusoshina. Amma marmarar zan gwada a ƙaramin basan ɗina na siminti in gani, tarwaɗa ba ta da wannan iyayin.

Maman Walid: Sallama jama'a, ina ta karatu ban yi magana ba. Nawa ƙarami ne lita 90, maigida ya kawo mini daga Dubai da kayansa duka, a ciki akwai wani farin tsakuwa-tsakuwa kamar ƙanzon shinkafa an rubuta PhosGuard. Shi ma na cire fosfat ne aka ce. Ɗaya suke da jan? Don ni tun da na ga abin da ya samu Baban Nana gabana ke faɗuwa, jiya na yi niyyar sawa.

Injiniya: Hajiya barka da zuwa. Aikinsu ɗaya amma ba abu ɗaya ba ne, farin na alminiyom ne, jan na ƙarfe. Farin yana da sauƙin sha'ani a ƙaramin akwati don a ƴar jaka ake sa shi ba sai da kwalba ba, kuma ba ya rinin ruwa. Sai dai masu murjani mai laushi, irin mai kama da fata ko laimar kwaɗi, da yawa sun ga yana tsukewa ya ƙi buɗewa in an sa farin, balle in ba a wanke ba. In kina da irinsu ki sa ɗan kaɗan ki zuba ido. Kuma in kin zuba masa ruwa karon farko za ki ji ya ɗan yi ɗumi, haka yake kar ki tsorata. Amma ki fara aunawa tukuna, in bai wuce 0.1 ba ki mayar da shi kabad.

Ramatu Shimi: Anti, dangin farin nan ne ake amfani da shi wajen rage fuloro a ruwan sha, sinadarin nan da ya yi yawa a ruwan foraj na Tibiri shekarun baya har ya lanƙwasa ƙafafun yara ya ɓata haƙora. Mun yi shi a darasi.

Maman Walid: Allah sarki, ai ina da ƴan uwa can, na san zancen. To ni ban ma da abin awo, da ido nake yi.

Injiniya: To Hajiya kar ki sa komai. Maganin da ba a auna ba shi ya kawo mu nan.

Malam Na Limanci: Ni dai ku gafarce ni, amma ina ganin abin nan ya yi kama da almubazzaranci. Ana fama da tsadar hatsi, mutum ya kunna kilim dare da rana saboda dutse mai rai, ga gishiri daga waje ga magani daga waje. Teku ma tana ina Maraɗi tana ina.

Baban Nana: Malam na ji kuma na gode da nasiha. Amma wani doki yake kiwo, wani tantabaru, wani ragon da ba zai yanka ba sai dai a zo a gani, kuma ba wanda ya ce musu komai. Ni ba na shan taba ba na zaman majalisa, in na taso daga kasuwa kaina ya yi zafi gabansa nake zama in ga ikon Allah. Haƙƙin iyali da na maƙwabta kuma ina iya ƙoƙarina.

Malam Na Limanci: Allah ya sa haka, ban ce haramun ba ne.

Admin: Jama'a a dawo kan kifi don Allah. Wanda ke da wa'azi akwai wancan gidan.

Habu Sola: Ni abin da ya fi damuna a matsayina na mai harkar wuta, in kuran ya tafi fa? Kun san yadda ake yi da mu in zafi ya tsananta. Kwalbar nan ruwa na tsaye a ciki awa biyar awa shida, in wuta ta dawo sai ta tura shi cikin akwati haka nan?

Injiniya: Yawwa Habu, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, don waɗanda suka rubuta takardar jikin gwangwanin ba su san wannan ba. Ruwan da ya tsaya a rufe iskarsa ƙarewa take, in ya daɗe ka buɗe za ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ni in an wuce awa uku ba wuta cire tiyon nake in sa a bokiti, in ta dawo in bar lita biyu uku su fita in zubar sannan in mayar. Ga kuma wani abu, in gari ya daɗe a kwance ba motsi dunƙulewa yake ya zama kamar bulo, ruwa ya huda hanya ɗaya ya riƙa bi ta nan kawai. Amma in batir ɗinka ƙarami ne kar ka ɓata shi kan kwalba, famfon da ke kaɗa ruwan akwati shi ne rai, shi za ka fara ba.

Habu Sola: Famfon kwalbar ai bai wuce wat 5 zuwa 10 ba, ko ƙaramin batir zai ɗauka. Alhaji in ka shirya ka kira ni in zo in duba, ba sai ka tada gurup ba duk dare.

Baban Nana: Sai ka zo Habu. Injiniya batun motsin, ni fa buɗe famfon na yi duka, garin yana ta tashi sama yana juyawa kamar ana tankaɗe, na ɗauka haka ake so.

Injiniya: Kuskure na huɗu ke nan ashe 😅 Garin nan ba shi da ƙarfi, in yana gogar juna niƙewa yake ya koma ƙura ya bi ruwa. Ka taɓa ganin kunu a kan wuta lokacin da ya fara ɗan motsi a sama kafin ya tafasa? To haka ake so, saman kawai ya riƙa ɗan rawa, ƙasan na zaune. Ka rage da makunnin tiyo har ka samu haka. Kuma kar ka haɗa shi kwalba ɗaya da gawayin tacewa kana juya su, gawayi ba a son ya motsa sam.

Ɗan Bagalam: Duk kun bar babbar tambaya. Injiniya ya tambayi ruwa, Alhaji ya ce na leda, kowa ya yi shiru. Ruwan leda fa ba ruwan RO mai sifili, wanda inji ya tace tas, ba ne, wani ma na famfo ne aka ɗan tace aka ɗaure. In da fosfat ko silikat, wanda shi ma wata gansakukar ke ci, a ciki to kullum da ka cika abin da ya tsotse kana ƙara taki ne, ga Maraɗi ruwa na tsotsewa kamar me, ni a rani lita 4 nake ƙarawa kullum.

Injiniya: Nan kam na sara maka, na bi ta kan ƙura na manta. Alhaji ka auna ruwan ledar da na'urar nan taka kafin ka haɗa gishiri, ka auna kuma bayan ka haɗa. In kana da ɗan abin auna TDS, wato yawan abin da ya narke a ruwa, ka tsoma, ana son 0 ne ko kusa da shi. Amma ni zargina ya fi karkata ga abinci, don mafi yawan fosfat ta bakin kifi yake shiga akwati. Kifi 6 a lita 300 bai kamata su kai ka 0.46 ba in ba ana yi musu walima ba. Wa ke ba su abinci in kana kasuwa?

Baban Nana: Ni ke ba su safe da dare. Bari dai in bincika.

Baban Nana: Jama'a na dawo. Injiniya Allah ya ƙara basira. Na tsare yaran bayan isha'i, ashe Nana in ta taso lakkol da rana sai ta ba su, ƙanenta ya ga ta ba su shi ma ya ba su, yarinyar da ke taya aiki ita ma ta ce tausayi suke ba ta in suka taso sama suna buɗe baki. Na ɗauko gwangwanin abincin da na buɗe farkon wata na ga saura ƙasa-ƙasa, wanda da yake mini wata uku. Har na ɗaga wani dutse na baya na tarar da abinci ya taru a ƙarƙashi ya yi baƙi. Ruwan leda kuma na auna ya ba ni 12, TDS ban da abin awonsa.

Ramatu Shimi: 12 ɗin nan kusan 0.04 ke nan Baba. Ba shi ne babban mai laifi ba amma yana taruwa tun da ruwa ke tashi fosfat ba ya tashi.

Ɗan Jiratawa: Ashe Ɗan Gwamna sau biyar shika cin abinci, to ai sunan ya bi shi 😂 Alhaji kar ka duki yara hwa.

Baban Nana: Wane duka, na dai sa gwangwanin a aljihun mota. Na ce wa Nana ita za ta riƙa ba su na dare a gabana, ɗan tsunkule guda.

Maman Walid: Injiniya wata tambaya, na ji an ce ana iya wanke jan garin da soda a sake amfani da shi, irin sodar da muke sabulu da ita. Gaskiya ne? Don in haka ne ai da sauƙi.

Injiniya: Gaskiya ne Hajiya ana yi, ana jiƙa shi a ruwan soda ta saki fosfat ɗin sannan a yi ta ɗauraya har sodar ta fita tas. Amma kin san halin soda, ta taɓa ido an shiga uku, kuma in ba ta fita duka ba ta shiga akwati pH, wato ma'aunin tsami da kanwa na ruwa, ya yi sama. Ga garin yana ƙara rugujewa duk wanki. Mai babban akwati da ke cin kilo-kilo shi zai ci riba, ke da lita 90 cokali biyu ne naki, bai kai a sa hannu a soda ba ga yara a gida.

Baban Nana: Salam, ga labari bayan kwana 9. Fosfat ya dawo kamar yadda aka ce, ya hau har 70 a na'ura wato wajen 0.21 in lissafin Ramatu na bi daidai. Babban mai laushin ya buɗe ran kwana na biyar, ya yi wata saɓa kamar leda sannan ya fito da gashinsa. Cikin masu rassa ukun biyu farin ya tsaya bai ci gaba ba, ɗayan kam ya tafi, naman ya saɓule duka saura ƙashi, na cire shi jiya Nana har da kuka. Shekaranjiya na mayar da gari gram 30, na wanke shi sai da na zubar da bokiti guda, saman kawai ke rawa. KH 7.5. Sai dai wani abu sabo ya fito a kan yashi, ruwan ƙasa-ƙasa mai yauƙi kamar majina da ƴan kumfa a jiki, da safe babu shi sosai sai fitila ta daɗe a kunne ya bazu.

Injiniya: Kash. Ka turo hoto da rana tsaka, kusa-kusa, da farin haske ba shuɗi ba. In abin da nake tsoro ne to dino ne, wasu ƙananan halittu masu kama da gansakuka, yana son akwatin da aka taɓa kai shi sifili, kuma wasu irinsa guba gare su ga dodon koɗi. Ka duba dodannin koɗinka suna motsi? Kafin in ga hoton ka sake kashe kwalbar, ka bar fosfat ɗin inda yake, kar ka canza ruwa. Nitrat ɗinka, ɗayan takin da ke taruwa daga kashin kifi, nawa ne?

Baban Nana: Nitrat ban taɓa aunawa ba, abin awon yana cikin kwali ban buɗe ba. Dodon koɗi biyu na ga sun kife tun safe. Bari in sallaci la'asar in ɗauko hoton.

Ɗan Bagalam: Ka duba kwanan watan jikin kwalin tukuna, zafin garin nan yana lalata ruwan awo ko ba a buɗe ba. In ya mutu ka aiko yaro Bagalam in ba ka nawa na kamfanin Salifert ka yi awo biyu ka maido.